Bazarar da Wuyan Cima Ya Ƙi Sunkuyawa

Zafin bana ya shigo da wuri. Tun mangwaro bai nuna ba, randa ta fara ba da ruwa mai ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Jiya da la'asar ina zaune bakin zaure ina tsinkar zogale, yaran unguwa suka taso daga lakwal, makarantar boko, suka zubar da jakunkunansu a gindin itacen bedi suka hau buga balo, ihu kamar ranar kasuwa. Surukata ta leƙo ta ce, “Inna, in kore su? Sun hana ki sakewa.” Na ce ta bar su. Ta tsaya tana dubana, don ta san halina. Duk Madarunfa an san ni ba mai sakin fuska ga yara ba ce. Wanda ya wuce ni bai gaishe ni ba, sai ya koma baya ya sake wucewa. Amma korar yaro daga wurin wasa, wannan ba na yi, kuma ba a yi a ƙofar gidana. Na taɓa jin garin nan babu muryar yaro ko ɗaya, ba na fatan in sake ji.

Ni ban shiga lakwal ba, ban riƙe shekaru da lamba. Ɗana ya ce cikin shekarun casa'in ne. Abin da na sani, shekarar babban sanƙarau ce, wadda azumi ya faɗo a ƙarshen sanyi.

Bayan an kai amfanin gona gida, ƙanena Isuhu ya zo daga ƙauyensu na wajen Safo, riƙe da hannun ɗiyarshi Cima. Uwarta ta rasu da damina wajen haihuwa, abin da ta haifa ma bai zauna ba. Geron da Isuhu ya samu ba zai kai shi ko tsakiyar rani ba, dole ya bi samari cin rani kudu. Ya tsuguna gabana ya daɗe yana zanen ƙasa da tsinke.

“Yaya,” ya ce, “ban da kowa sai ita.”

Na ce, “Na ji. Tashi kar mota ta bar ka.”

Ban iya dogon zance ba. Amma shi ya san abin da na ce, ni ma na sani. Yadda ya ba ni ita da ƙafafunta, haka zan maida mashi ita idan ruwa ya sauka.

Cima ba ta wuce shekara takwas ba a lokacin. Wannan ba yarinya ba ce, iska ce aka ɗaura ma zane. In na aike ta sayen gishiri sai ta tafi da gudu ta dawo da gudu, rabin gishirin a hanya. Aka sa ta lakwal tare da autana Sale, wanda ya girme ta kaɗan. Ba ta yi sati ba ta ƙwace mashi gare, tsohon ƙarfen ƙafar keken nan da yara ke korawa da kara. Karatu kam sai a hankali. Abin da take so a lakwal shi ne lokacin da mushe, malaminsu, ke busa usur a sake su cikin fili. In na ce, “Mi aka koya maku yau?” sai ta ce, “Gwaggo, na tsere ma ƴan babban aji.”

Bangonmu ɗaya da Rahila, matar wani tela. Kiristoci ne da suka taso daga Maraɗi suka zauna kusa da mu. Ta kan bangon nan muke miƙon wuta da daddawa da baƙar magana. Ɗiyarta Hannatu ita ce ƙawar Cima, ajinsu ɗaya.

Ana gama ƙaramar salla zafi ya sauko gaba ɗaya, bai yi sallama ba. Da hantsi ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Hanci ya bushe, leɓe ya tsage, kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa. Sai aka fara jin labari daga wajen Ɗan Issa: yaro ya kwanta da ciwon kai da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, kafin a ankara an rasa shi. Muna cewa nesa ne, sai ga amalanke na shigowa gari daga ƙauyuka, jaki na tafiya a hankali, uwa na zaune a baya ta tare ma ɗanta rana da mayafi. Gidan likita ya cika, aka koma shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa. Ana ta cewa masu lamba na nan zuwa su yi ma kowa allurar rigakafi, amma shiru.

Da farko mushe hana su fita fili ya yi, wai kada yaran aji-aji su cakuɗu. Su shiga tun safe su zauna cikin ɗakin kwano har rana ta take. Cima ta dawo tana huci ta ce, “Gwaggo, an kashe usur.” Daga nan iyaye suka shiga janye nasu ɗaya bayan ɗaya, har mushe ya wayi gari daga shi sai kujeru, ya ja ƙofa.

A wurinmu an ɗauka ciwon nan cikin iska yake yawo, ya fi ƙarfi da rana tsaka. To, abin da ke yawo cikin iska mi za ka yi mashi in ba rufe ƙofa ba? Haka iyayenmu suka yi, haka muka yi. Kowane gida aka tattara yara aka zuba ɗaki ɗaya. Ni na haɗa Sale da Cima da ƴaƴan ƙanen maigida, don gidanmu ɗaya. Na cusa tsummoki a taga, na saki asabari, na ja ƙyaure. Safe da yamma in turara masu tazargade, in shafa masu man shanu a hanci. Fita sai zagayawa, ita ma ina tsaye.

Da asuba in tafi rijiya tun guga bai fara kawo laka ba. In dawo in dama koko. Kafin kowa ya sa ludayi a baki sai in jera su a bakin gado in ce, “Haɓa a ƙirji.” Kowa ya sunkuyar da kai har haɓarshi ta taɓa ƙirji, ina bi ina dubawa, ina taɓa goshi. Wuya shi ke fara tona ciwon nan, shi ya sa. Wanda ya sunkuya ya ci ranar. Sai in ja ƙyaure in koma turmi.

Abinci ma ya ja baya. Kasuwa ta mutu, mutanen ƙauye sun daina shigowa, masu nono sun ɗauke ƙafa. Fura muka koma damawa da ruwan tsamiya. Gero a rumbu sai ka zura hannu har kafaɗa. Da rana kwaɗon zogale da ɗan ƙuli, da dare tuwon dawa miyar kuka, in maigida ya samo ƴan tarwaɗa a tafki ranar an yi salla. Duk da haka ban taɓa kwantar da su da yunwa ba, alhamdu lillahi.

Shirun ne ban iya mantawa. Gari guda babu gaɗa, babu kukan wanda aka kayar, babu uwar da ke ƙwala ma ɗanta kira ya dawo gida. Sai ƙarar taɓarya, sai kukan ƙafar amalanke, sai can ka ji salati ya tashi a wani gida ka tsaya da abin da ke hannunka kana lissafin gidan wa ne. Awaki ma sun fi yaranmu gata, su ana sakinsu da safe.

Mazan suka saba, suna dara da tsakuwa, suna faɗa, suna barci. Cima ce ba ta saba ba. Kwanakin farko zagaya ɗakin take yi kamar kura a rami. Sai na lura ta yi shiru, na leƙa na tarar ta zare gefen tsumman taga ta liƙa ido, tana kallon lungu. Na finciko ta, na cusa tsumman da kyau, na ƙara da laka. Daga ranar ta kwanta ta ba bango fuska. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya. Koko sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture. In na yi mata tsawa ta dube ni kawai, ba ta ko murguɗa baki, ita da ba a gama yi mata faɗa ba ta ba da amsa ba.

Rahila ta leƙo ta bango ta ce, “Innar Sale, radiyo fa ya ce a daina cusa yara ɗaki ɗaya. Ya ce a buɗe tagogi, a kwana waje. Ni nawa suna ƙarƙashin rumfa.”

Na ce, “Radiyo ba a ba shi riƙon ɗiyar kowa ba.”

Ta ce, “Ke dai kin fi dutsen niƙa tauri.”

Na ce, “Shi ya sa ake samun gari gare ni.”

Wata safiya na jera su kamar kullum. “Haɓa a ƙirji.” Mazan suka sunkuya. Cima na zaune, kanta a miƙe, idonta na kallon rufin ɗaki.

“Cima, haɓa a ƙirji.”

Ta ce a hankali, “Ba ya zuwa.”

Na sa hannu a ƙeyarta na danna. Wuyan nan kamar taɓarya. Na taɓa goshi, da zafi, amma wa ke da sanyin goshi a ɗakin nan? Ludayin da ke hannuna ban san inda ya faɗi ba. Ba abin da na gani gabana sai Isuhu tsugune yana zanen ƙasa. Maigida ya riga ya tafi lambu. Na sunkuce ta na goya, ƙatuwar yarinya ƙafafunta na bugun gwiwoyina, na ɗaure da zane na ƙara da majanyi. Na buga bango na ce, “Rahila, ya shigo mana.” Ba ta tambayi komi ba. Ta jawo mayafi da goran ruwa ta biyo ni.

Rana ba ta gama fitowa ba, akwai sauran ɗan sanyin asuba. Ina tafiya ina salati, Rahila na bayana tana nata addu'o'in. Mun fita lungu mun kama babbar hanya ke nan, sai wani ɗan akuya sabon haihuwa ya ɓullo daga wani zaure ya biyo mu, yana tsalle yana shiga tsakanin ƙafafuna. Na kai mashi ƙafa ya kauce ya dawo. Can sai na ji wani abu mai tsini ya danna mani kafaɗa. Haɓa ce. Ta danna sosai, irin ta wanda ya leƙo yana kallon ƙasa. Ɗan akuyan ya koma hagu, na ji haɓar ta bi shi hagu. Ya yi wani tsalle ya faɗi, sai na ji cikinta ya motsa a bayana, dariya ce take dannewa.

Na tsaya cak. Na kwance majanyi.

“Sauka.”

Ta sauka ta tsaya, ta maida kai sama da sauri.

“Haɓa a ƙirji, kafin in ƙirga.”

Ta dube ni, ta dubi Rahila. Sai ta sunkuya, har haɓar ta nutse.

Na ce, “Don mi?”

Ta kauda kai gefe.

“Ba da ke nike ba? Don mi?”

“Gwaggo, ta taga na gani. Duk wanda wuyanshi ya sanƙare ana fita da shi.”

“Kin san inda ake kai su?”

“A'a,” ta ce. “Amma dai waje ne.”

Na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga. Rahila ta zube a gefen hanya tana dariya, hawaye na zuba, tana cewa, “Buge ta, Innar Sale, buge ta da kyau. Ai mai lafiya ake bugu.” Hannun ya tsaya a sama ya ƙi saukowa. Na duba yarinyar nan cikin hasken waje, abin da ban yi ba tun da na ja ƙyaure. Wuyanta ya zama kamar na zakaran da aka fige, ƙasusuwan ƙirji sun fito, fatar ta yi fari-fari. Ciwon da nike tsare ta daga gare shi bai taɓa ta ba, amma ga ta tana ƙarewa a hannuna.

Ba mu koma gida ba. Na kama hannunta muka gangara bakin tafki. A bazara ruwa kan ja baya ya bar fili shimfiɗe, busasshiyar laka ta tsattsage, ga manyan kukoki da gawo a gefe, ba kowa sai tsuntsaye da masunta can nesa cikin jirgi. Na nuna mata wata kuka na ce, “Daga nan zuwa can, ki dawo.” Ta dube ni ta ga ko gwaji ne. Sai ta kwasa. Ba ta yi nisa ba ƙafafun suka ci amanarta ta kife. Rahila ta yunƙura, na riƙe ta. Cima ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta ci gaba. Da muka koma gida ta shanye kokon da ya huce, ta lashe ƙwarya, ta ce ko da saura.

Ranar na zare tsummokin taga, na fitar da tabarmi tsakar gida. Maigida ya dawo ya ji abin da nike shirin yi, ya ce, “Ke, ɗiyar mutane ce fa. In kika fita da ita iska ta buge ta, mi za ki ce ma Isuhu?”

Na ce, “In ta bushe a ɗaki fa, Malam, mi zan ce mashi?”

Ya ce, “Kin dai san bakin mutane.”

Na ce, “Na san shi. Ba ya goyon kowa zuwa likita.”

Ya girgiza kai ya ɗauki buta.

Haka na fara kiwon yara. Ana sallame asuba in kora nawa da na Rahila gabana, tsumagiya a hannu, mu gangara tafki. Da rana ta fara cizo mu dawo. In ta yi sanyi bayan la'asar mu ƙara ɗan zagaye, mu shigo kafin magariba. Na kafa doka, kuma ba a taka mani doka. Ba kokawa, ba langa, ba rungume-rungume. Kowa da goran ruwanshi, wanda ya sha na wani ya gama wasan ranar. Tsakanin yaro da yaro a bar wurin da za a shimfiɗa tabarma. Kafin a fara, kowa haɓa a ƙirji, ita kuwa Cima sai na duba nata sau biyu, tana dariya. Wannan ya kori gare, wancan ya gina shanun laka a bakin ruwa, Sale ya ɗaura lilo a reshen gawo. Tsere kuwa kullum, don shi ba ya bukatar a taɓa juna.

Mata suka sa ni a baki. A rijiya wata ta ce, yadda zan ji, “Wasu dai da ɗiyan riƙo suke gwada ƙarfin hali.” Na ja gugana. Amma duk safiya in muka bi lungu, sai in ga tsumman taga na motsi a gida bayan gida. Ba a daɗe ba wata ta tare ni a bakin zaurenta, tana riƙe da wani ɗan yaro da ya yi zuru-zuru, ta ce, “Yaya, ko za ki haɗa da wannan? Ya daina magana.” Na ce, “Ya zo da goranshi.” Sai wata, sai wata. Wadda ta yi mani habaici a rijiya ita ma ta turo nata, ta bayan gida, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Da garken ya yi yawa aikin gidana ya tsaya, sai matan suka raba shi tsakaninsu ba tare da na roƙa ba. In dawo in tarar an cika mani randa, an surfa gero an shanya, wata ta ajiye ɗan itace. Rahila ke tsayawa a ɗaya gefen filin, ni a ɗaya. Wata safiya sai ga mushe, saurayi ne baƙo daga yamma, ya rame shi ma don zaman ɗaki. Ya gaishe ni da ladabi ya ce ko zai iya taimakawa. Na ce, “Karatu ba a nan ba.” Ya ce, “A'a Inna, usur kawai na kawo.” Da ya busa shi yaran nan suka yi wani ihu, tsuntsayen tafki suka tashi gaba ɗaya.

Ba zan ce ciwon ya ji tsoron tsumagiyata ba. Ana nan ana rasa mutane, manya da yara, a gidajen da suka rufe da waɗanda suka buɗe. Wata safiya a bakin tafki na ce haɓa a ƙirji, Hannatu ta gwada ta fashe da kuka ta riƙe kai. Wannan karon ba wasa ba ne, jikinta kamar garwashi. Rahila ta goya ta, mushe ya ruga gaba ya faɗa ma majo, babban ma'aikacin gidan likita. Aka yi mata allurar nan mai kauri kamar mai tun rana ba ta ɗaga ba.

Washegari rabin garken bai fito ba. Ni kaina na tsaya a tsakar gida da tsumagiya a hannu, ina duban ƙyauren ɗakin nan, ina duban Cima da ke tsaye da goranta. Jiya kusa da Hannatu ta yi wasa. In na ce zuciyata ba ta raya mani in maida ta ciki in ja ƙyaure ba, na yi ƙarya. Na ce su jira ni. Na dama kunu na kai gidan likita, na tsaya daga bakin shinge. Rahila ta taso daga gindin bedi, idanunta sun kumbura.

Na ce, “Rahila, ni na fitar da ita.”

Ta ce, “Ke kika gano ta kuma. Majo ya ce da an kai azahar da wani zance ake. Ba ni kunun.” Ta karɓa, ta juya, sai ta waiwayo. “Innar Sale, in na ji kin maida yaran nan ɗaki, ni da ke ne.”

Na koma na kora su tafki.

Hannatu ta tashi. Kunnenta na hagu ne bai dawo ba, har yau in za ka yi mata magana sai ka zagayo dama. Tana Maraɗi da ƴaƴanta, duk salla sai ta aiko mani da sabulu, duk Kirsimati in aika mata da busasshen kifi. Allah ya jiƙan Rahila da irin alherin da ta yi mani.

Daga baya masu lamba suka iso da wata ƴar bindigarsu da ake dannawa a dantse. Ni na jera garkena na kai su, ba wanda ya yi kuka, don ina tsaye. Amalanke suka fara raguwa. Amma tsofaffi sun ce ciwon nan ba ya tafiya sai ƙasa ta jiƙa, sai muka koma kallon gabas. Shamuwa ta iso ta sauka kan kukoki. Zafi ya canza, ya zama mai nauyi, gumi ya daina bushewa. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, ya bar mu da iska kawai. Maza suka gyara sungumi, mata muka fitar da irin da muka ɓoye ma yunwa. Masu cin rani suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, wasu su tarar da gida yadda suka bar shi, wasu a tare su a tasha a kama masu kaya ba a cewa komi. Isuhu shiru.

Ranar da ruwan ya zo, da hantsi ne, muna hanyar dawowa daga tafki. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta bugo, sai ɗigo manya-manya suka fara faɗuwa suna huda ƙasa. Ƙamshin nan ya tashi, wanda in ka shaƙa sai ka ji kamar ka ɗebi ƙasar ka ci. Yaran suka tsaya suna dubana, suna jiran in ce kowa gida. Na duba su. Na ce, “Mi kuke kallo? Ku je.” Ranar aka yi kokawa, aka yi langa, aka rungumi juna aka yi birgima cikin taɓo, ban ga komi ba. Mata suka fito da ƙorai da tukwane suna tara ruwan indararo, wata na guɗa, wata na kuka.

Sai bayan azahar ya ɗauke. Da la'asar ina kwashe ruwan da ya kwanta a tsakar gida na ji sallama a zaure, muryar da na sani. Isuhu ne, ya yi baƙi ya rame, buhu a kafaɗa, laka har gwiwa. A can kudu ya ji abin da ake ciki, ba wanda ya iya ba shi labarin gida. Ya tsuguna ya gaishe ni. Ya tambayi maigida. Ya tambayi zafi, ya tambayi ruwa, ya tambayi Sale. Har awaki ya tambaya. Idonshi na bin tsakar gida, yana bin igiyar shanya, yana neman ɗan zane ƙarami. Ɗiyar fari ce, ba ya iya kama sunanta, kuma tsoro ya hana shi ko kewaye-kewayen da aka saba.

Na ce, “Aje buhun. Taso.”

Ya biyo ni. Na san abin da yake zato, don hanyar da na kama ita ce mai wucewa ta maƙabarta, amma ba ni da wata. Da muka wuce ta ban tsaya ba, na ji ya saki numfashi. Muka ɓulla filin bayan gari inda ruwa ya taru. Yara sun fi a ƙirga, kowa laka tun daga kai har ƙafa, ba ka bambance mace da namiji. Sun ja layi za su yi tsere.

Ya ce, “Yaya, wacce?”

Na ce, “Jira a tashi. Ta gaba.”

Aka tashi. Wata ƴar siririya ta fice daga cikinsu, taɓo na fallatsa a bayanta. Da ta zo daidai mu ta waiga, ta gan shi, idanunta suka yi waje. Ba ta rage gudu ba. Ta ɗaga hannu ta ƙwala, “Baba! Tsaya in gama!”

Isuhu ya zauna daɓas cikin ruwan nan, ya rufe fuska da hularshi, kafaɗunshi na girgiza, ban san ko dariya ce ko kuka ba.

Na ce, “Ka ji ta. Sai ka jira.”

Na gyara tsayuwa kusa da shi, muka jira ta tare.